Hannun 'Yar Gwaram

In ka shiga Birnin Kudu ka ce kana neman Malama Bara'atu, sai an tambaye ka wacce a ciki, don masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Malama mai faranti, ko yaron da bai gama iya ɗaure mazagin wandonsa ba zai yi maka kwatance. Ita ce mai koya wa ƙananan yara taɓa kwamfuta a wata makarantar boko da Islamiyya da ke bayan kasuwa, sunan kuwa ya samo asali ne daga wani tsohon farantin silba da take zuwa da shi aji, cike da wake da tsakuwa. Siririyar mace ce, ba ta cika talatin ba, tana tafiya da sauri kamar wadda ta baro tukunya a wuta. Tana da faɗa, ba zan ɓoye muku ba, amma faɗan nata a baki ya tsaya. Ba a taɓa ganin ta ɗaga wa ɗan wani bulala ba.

A Unguwar Ya aka haife ta, gidan manoman gero da gyaɗa, ita ce ta huɗu a ɗakinsu. Mahaifiyarta, Inna Jummai, irin matan nan ce da suka ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta kiran sunan babban ɗanta, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in za ta ba shi tuwo sai ta ajiye kwanon ta ce wa iska, "Wani ya zo ya ɗauka." Ranar da ya faɗo daga kan jaki ya karye a hannu, tana tsakar gida tana daka, ba ta ajiye taɓarya ba har maƙwabta suka kwashe shi zuwa wurin mai ɗori. Gari ya yi ta yabo, aka ce ga mace mai kawaici. Bara'atu ce kaɗai, tana 'yar shekara shida, ta ga Inna ta zagaya bayan rumbu ta toshe bakinta da gefen zane. Da wannan ta tashi, cewa ɗan fari ana son sa amma ba a bari a gani.

Tana gama sakandare aka ɗaura mata aure da Yahuza, malamin gona, wanda ita da bakinta ta ce tana so, suka tare a Birnin Kudu. Shekara na zagayowa ta haifi mace, aka sa mata Hadiyya. Sunan nan ni na faɗa muku shi, Bara'atu ba ta taɓa furta shi ba. Ta bi sawun Inna daidai. In da mutane, sai an ce mata, "Ke, yarinya na kuka," kafin ta ɗauka, tana wani ɓata rai kamar an sa ta aikin dole. In an watse kuwa, sai ta yi ta juya 'yan yatsun jaririyar ɗaya bayan ɗaya har barci ya kwashe ta.

Yahuza yana da yaya a Gwaram, Hapsatu, wadda ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da lokacin yaye ya yi, da kanta ta zo ta goya Hadiyya, aka ce sati biyu, in ta manta nono a dawo da ita. Sati biyu ya zama wata, wata ya zama biyu, sai ga saƙo: Yaya Hapsatu na roƙon a bar mata yarinyar ta riƙa ɗebe mata kewa. A yi wa Yahuza adalci, bai yanke shi kaɗai ba. Ya sami matarsa tana tankaɗe, ya ce, "Kin ji abin da Yaya ta aiko. Me kika gani?"

"Ni me zan gani?" in ji Bara'atu, ba ta ko ɗago ba. "Ai 'yarta ce."

Amsar da ake jira ke nan daga bakin 'yar mutunci, ta kuma ba da ita ba gargada. Da ta ce a'a, kafin la'asar magana ta isa Unguwar Ya, a ce 'yar Jummai ta yi rashin kara a kan 'yar fari. Shekara bakwai ke nan kalmomin nan uku na yi mata amo a kunne. Tana kewar yarinyar nan, kewa irin wadda ba inda za ka kai ƙararta, tunda ba wanda ya zalunce ka.

Yahuza ya ga tana ramewa, tana yawan tagumi, ya rasa ta inda zai taɓo maganar. Sai ya yanko mata fom na jarrabawar shiga kwaleji, ko karatu ya ɗauke mata hankali. Ta yi karatu kamar za ta cinye littattafan. Ta san da kwamfuta ake yin jarrabawar, amma ta ɗauka kamar wayar hannu ce, abin da kake so ka taɓa. Ranar jarrabawa ta zauna ta dangwali fuskar kwamfutar da yatsa, shiru. Ta ga na kusa da ita yana riƙe da wani abu mai wutsiya, ta ɗauki nata, ta ɗaga shi sama ta nuna wa kwamfutar kamar mai haska tocila. Kafin ta gane a kan tebur ake jan sa, 'yar kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfutar ta tsere kusurwa ta ɓuya. Kunya ta hana ta kiran mai sa ido. Ga tambayoyi ta san amsarsu kamar sunanta, ga hannu ya ƙi ba da haɗin kai. Lokaci ya cika ba ta yi rabi ba. A bakin ƙofa ta tarar da wani saurayi ɗan Wurno, ƙato da shi, yana share hawaye da hula. Shi ma abin nan mai wutsiya, maus, shi ya kai shi ƙasa.

Ta dawo gida a fusace, fushin kuma ya yi mata rana. Ta sami wani shagon buga takardu ta riƙa zuwa da hantsi har hannunta ya faɗa. Shekara ta gaba ta ci jarrabawar, ta yi kwalejin horon malamai, a tsakani ta haifi maza biyu, Ikrima da Hafiz, waɗanda take ƙwala wa kira da sunansu har maƙwabta su gaji. Da ta gama, Malam Salihu, shugaban makarantar da take yanzu, ya ɗauke ta aiki, don tsofaffin ɗalibai sun ba makarantar laftof huɗu da sola, an kulle su a kabad an rasa mai taɓawa. Ta ce a ba ta 'yan aji ɗaya zuwa uku. Malam Salihu ya ce, ba da manya ya kamata a fara ba? Ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wanda bai taɓa koya wa ɗan shekara shida riƙe maus ba, bai san haƙuri ba tukuna. Wani zai damƙe shi da hannu biyu kamar ya kama ɓarawo. Wani zai danna da ƙarfinsa duka har tebur ya yi ƙara. Wata sai ta lashi yatsa kafin ta shafa ɗan filin nan mai santsi da ke gaban laftof, yadda ta ga kakanta yana yi in zai buɗe shafi. Kusan dukansu hannunsu suke kallo, kibiya na can tana yawonta ba mai kula ta. Ga laftof huɗu, ga yara arba'in, kafin layi ya zo kan na ƙarshe an kaɗa ƙararrawa.

Wata rana tana tsintar wake a gida, sai ta lura da yatsanta. Ta ɗora shi a kan tsakuwa, ta ja ta a hankali zuwa bakin faranti ba tare da ta ɗaga ba, sannan ta saki. Ta tsaya tana kallon yatsan. Washegari ta zo aji da farantin. Tun daga ranar, ba yaron da ke taɓa laftof sai ya fitar mata da tsakuwa goma daga cikin wake da yatsa ɗaya. Maza suka yi bore da farko, wai tsinta aikin mata ne, har wani uba ya taso daga Yalwan Damai a kan babur ya tambayi Malam Salihu ko girki aka koma koyarwa. Malama ta zaunar da shi gaban laftof, ta ce ya kai kibiya kan hoton rago. Bawan Allah ya yi ta fama har gumi ya karyo masa, ɗansa na gefe yana danne dariya. Bai sake zuwa ba, sai dai ya aiko da wake rabin kwano. Shi kuwa maus, cewa take, "Ku riƙe shi kamar ɗan tsako. Kada ya gudu, kada kuma ya mutu."

Amma faranti share fage ne kawai. Ainihin koyarwar tana zuwa ne lokacin da yaro ya zauna, kibiya ta ƙi shi, Malama ta zagayo ta bayansa ta ɗora tafinta a kan hannunsa su tafi tare. Sau biyu, sau uku, sai ta riƙa sassautawa har ya zama shi ke jan abinsa bai sani ba. Ta haka ta san yaran garin nan ta hannuwansu fiye da fuskokinsu. Ta san masu kaushin tafi, waɗanda ake tafiya da su gona ran Asabar. Ta san masu cin farce. Ta san hannun da bai karya kumallo ba, yana da wani sanyi da 'yar rawa, irin wannan takan aika a sayo masa ƙosai ba tare da ta ce komai ba. Akwai kuma wata Huseina 'yar aji uku, wadda aka haifa wata ɗaya da Hadiyya. A kan hannun Huseina Malama ta fi daɗewa. Da shi take auna na 'yar Gwaram, haka take kiran 'yarta in dole ta kama, ta ce a ranta yanzu nata ma ya kai haka. Ko ɗinkin Sallah za ta aika Gwaram, tsawon Huseina take kai wa tela.

Ba wai ba ta ganin yarinyar ba ne. Tana ganin ta sau biyu a shekara, ƙaramar Sallah da babba, in Yaya Hapsatu ta zo da ita. Hadiyya ta san wadda ta haife ta, ba a ɓoye mata ba. Amma Hapsatu take kira Inna, Bara'atu kuwa Anti. Za ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Anti, ina wuni," Bara'atu ta amsa tana kallon wani wuri, "Lafiya lau. An zo lafiya?" Shi ke nan an gama hira sai wata Sallar. Ikrima da Hafiz su yi ta hawa jikin yayarsu, uwar na madafa tana satar kallo ta gefen mayafi. Tun ranar da aka goya yarinyar zuwa yaye, hannun uwar bai sake taɓa nata ba. Wannan ɗan abin shi ne burinta a duniya, ta kuma rasa hanyar samunsa ba tare da ta zubar da kunyarta ko ta sosa ran Yaya Hapsatu ba, matar da ba ta taɓa yi mata komai ba sai alheri. Ni dai ban san wanda ya fara kafa wannan doka ba, amma ko wane ne, bai taɓa goyo ba.

Dabara ta faɗo mata ne bana, gab da dogon hutu. Ƙanin Malam Salihu yana da makaranta a Gwaram, a can kuma Hadiyya take karatu. Bara'atu ta sami shugaban a ofis ta ce, "Malam, kwamfutocin nan haka za su yi sati shida gizo-gizo na saƙa a kansu? Yaran Gwaram fa ko a mafarki ba su taɓa riƙe maus ba."

Malam Salihu ya dube ta ta saman tabarau. Tsoho ne, ya san gidan kowa. "Gwaram dai," ya ce. "Ba Wurno ba, ba Yalwan Damai ba, da suke nan kusa."

"Duk inda ka ce, Malam."

"A'a, Gwaram ɗin ta yi. Kwana uku. Ki dawo mini da su da ransu."

Tunaninta mai sauƙi ne. A aji ita malama ce, malama kuwa tana riƙe hannun kowane ɗalibi, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Yaro talatin za ta riƙe, na talatin da ɗaya ya zama nata, ba wanda zai lura.

Ta shiga mota da jaka biyu da farantinta. Damina ta yi kyau, gero ya rufe hanya hagu da dama. Yaya Hapsatu ta tarbe ta da murna, ta yanka mata kaza, tana ta tsokanar ta wai amaryarsu ta zama 'yar boko. Hadiyya ta kawo ruwa a kofi, ta durƙusa ta ajiye a gabanta, ta koma. Ta yi tsawo, ta ɗara Huseina da kamar yatsu uku. A nan Bara'atu ta gane ashe duk rigunan Sallar da take aikowa ɗangale mata suke yi, ba wanda ya taɓa faɗa, in za su zo Sallah ma wasu Hapsatu ke sa mata.

Ranar farko ta faranti ce. Yara talatin da ɗaya, 'yan aji biyu da uku, suka zauna a kan tabarmi. Malamin ajin ya miƙa mata takardar sunaye, ta ce ya bar ta, za ta riƙa nunawa da hannu. Da layi ya zo kan Hadiyya ta ce, "Ke." Yarinyar ta matso ta sa yatsa, kafin a ƙirga ashirin tsakuwa goma na jere a bakin faranti, ko ƙwayar wake ɗaya ba ta biyo su ba. Ita ke yi wa Hapsatu tsinta kullum. Bara'atu ta ce, "Na gaba," tana bin tsakuwar da ido.

Rana ta biyu aka buɗe laftof. Akwai wani wasa da take sa wa masu farawa. Bishiyar mangwaro a gefe guda, kwando a ɗaya gefen, yaro ya ɗora kibiya a kan mangwaro, ya danne, ya ja shi har cikin kwando. In ya saki a hanya, mangwaron ya faɗi ƙasa ya fashe. 'Yan Gwaram suka yi ta fasa mangwaro, Malama na bin su ɗaya bayan ɗaya tana ɗora hannu. Ta bar rukunin su Hadiyya a ƙarshe, yadda yaro ke ajiye tsokar nama sai ya gama tuwo.

Hadiyya ta zauna, ta yi bisimilla a hankali, ta goge yatsa a jikin hijabi. Bara'atu ta tsaya a bayanta. Yarinyar ta taɓa filin, ta ɗaga ido ta nemi kibiya, ta same ta. Mangwaro na farko ya shiga kwando. Na biyu ya bi shi. Aka ba ta maus, ta riƙe shi sako-sako kamar ta shekara da shi, na uku da na huɗu suka shiga. Babu inda za a gyara. Sauran yara suka zuba ido. Hadiyya kuwa ta ɗan karkato da kai, ba ta kalli Malama ba, amma kowa ya san abin da take jira.

Saura mangwaro ɗaya a bishiya. In ya shiga, yarinyar za ta tashi ta ba wani wuri, zuwa Gwaram ya tashi a banza. Bara'atu ta ji bakinta ya ce, "Ba haka ake yi ba."

Ta sunkuya ta ɗora hannunta.

Hannun da ɗumi, ya fi na Huseina faɗi, yatsun dogaye irin na Yahuza. A bayan manunin akwai wani tabo mai tudu, tsohon yanka da ya daɗe da warkewa, ta ji shi a tsakiyar tafinta. Shekara bakwai take jiran wannan rana, sai ga shi hannunta ya ɗauki rawa. Kibiya ta yi ta karkarwa, ta ɗauko mangwaron da ƙyar, a tsakiyar hanya ya suɓuce ya fashe a ƙasa. Yara suka kwashe da dariya. Hannun da ke ƙarƙashin nata ya sandare, sannan ya zame a hankali ya koma cikin hijabi. Hadiyya ta tashi ta koma tabarma, ba ta sake ɗago kai ba har aka tashi.

Da azahar a gida yarinyar ta ce kanta ke ciwo, ta ƙi abinci ta shige ɗaki. Yaya Hapsatu na gindin murhu tana yanka kuɓewa, Bara'atu na taya ta.

"Jiya har magariba tana bayan ɗaki da murfin tukunya," in ji Hapsatu. "Ta kife shi tana ta jan yatsa a kai. Na ce wannan kuma wane wasa ne, ta ce, Inna, so nake gobe Anti ta ga na iya."

Bara'atu ta ci gaba da yanka.

"Yaran maƙwabta sun ba ni labari. Sun ce huɗu ta saka."

"Huɗu ne."

"To na biyar ɗin fa?"

Bara'atu ta jawo wata kuɓewar. Hapsatu ta ajiye wuƙa ta dube ta, kallon ba na faɗa ba ne. "Bara'atu, ban haihu ba, amma ba a jeji na tashi ba. Tun da kika aiko za ki zo na san ba kwamfuta ce ta kawo ki ba. Ɗakin nan a buɗe yake, ki shiga ki duba jikinta. Ni zan leƙa maƙwabta."

"Haba Yaya, ciwon kai ne fa kawai. Ai kina nan." Maganar ta fito da kanta, kamar an daɗe da ajiye ta a bakin. Can ta ce, "Tabon nan na yatsanta fa?"

"Wuƙar nan ce. Shekara uku ke nan. Ba mu aiko ba don kada hankalinku ya tashi."

Hapsatu ta yafa mayafi ta fita duk da haka. Bara'atu ta tashi ta je har bakin labule. Tana jin yarinyar na jan hanci a ciki. Ta ɗaga hannu ta kama gefen labulen, ta tsaya, ta tsaya, ba kowa a gidan da zai gan ta, amma ƙafar ta ƙi. Kunyar da ta ɗauka ta mutane ce, ashe ta daɗe da zama tata. Da Hapsatu ta dawo ta tarar an gama yanka kuɓewa tas.

Rana ta uku darasin danna sau biyu ne. Akwai hoton ɗaki mai ƙofa, sai an danna a kai sau biyu da sauri ƙofar ke buɗewa, kuma shi ya fi ba yara wuya. Kafin a fara, Malama ta tsaya gaban aji ta gyara mayafi.

"Jiya akwai wadda na ce ba ta yi daidai ba," ta ce. "Daidai ta yi. Ni na fasa mangwaron."

Yara suka kalli juna, don ba su taɓa jin malami ya faɗi haka ba.

"'Yar gidan Gwaggo Hapsatu, taso."

Hadiyya ta taso, idonta a kumbure. Malama ta nuna sau ɗaya a wata laftof ɗin, daga nesa. Yarinyar ta ɗora yatsa ta danna, ƙofa ta buɗe. Aka rufe, ta sake, ta buɗe. Karo na uku ma haka.

"Duk ajin nan ba wanda ya kai ta," in ji Bara'atu. Bango ta kalla ta faɗa, amma ta faɗa, kowa kuma ya ji. Da Inna Jummai na wurin, da ta nemi ƙasa ta tsage ta shige, 'yarta na yabon 'yar fari a gaban jama'a.

Ta ware wa Hadiyya laftof ɗaya da yara shida mafi ƙanƙanta, ta ce ta koya musu. Daga inda take tana hango ta, ta zagaya bayan wani ɗan mitsitsin yaro, ta sunkuya ta ɗora hannu a kan nasa. Fuskar yarinyar ta washe, har tana yi wa ɗalibanta faɗa. Bara'atu ta ji daɗi, ta kuma ji ciwo, domin ta san abin da ta yi wa kanta. Ɗalibin da aka ce ya fi kowa, ba a sake riƙe masa hannu.

Da la'asar sakaliya ta yi sallama. Hapsatu ta ɗaure mata daddawa da kuɓewa busasshiya, ta ce Hadiyya ta ɗauki jaka ɗaya ta raka Anti tasha. Suka tafi, uwa a gaba, 'ya a baya da taku biyu. A bakin mota yarinyar ta rusuna ta miƙa jakar da hannu biyu, Bara'atu ta karɓa ta ɗaya gefen.

"Anti, a gaida Baba da su Ikrima."

"Za su ji."

Ta shiga ta zauna a bakin taga. Direba na jiran mutum ɗaya. Hadiyya ba ta tafi ba, ta tsaya tana tonon ƙasa da babban yatsan ƙafa.

"Anti."

"Na'am."

"Wannan na danna sau biyun, ban gama iyawa ba."

Bara'atu ta dube ta. Da safen nan a gabanta ta buɗe ƙofar nan sau uku a jere, ta kuma koya wa yara shida. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi, ga alama ba ta saba ƙarya ba.

"Na lura," in ji Bara'atu. "Hannunki yana ɗan sauri. Sai an zauna an gyara."

"To yaushe?"

"Sai Malam Salihu ya sake ba da kwamfutocin. Wani hutun, in Allah ya kai mu."

"To. Allah ya kai mu."

Fasinjan ƙarshe ya shigo, mota ta tashi. Bara'atu ba ta waiwaya ba, don akwai 'yan Birnin Kudu a motar da suka san ta. Ta madubin direba ta riƙa kallo, yarinyar na tsaye inda aka bar ta har mota ta sha kwana. Hutu na gaba saura wata huɗu.